Layin Tarho ko Iska: Zaɓin Mai Aiki Daga Gida

Tun da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, ma'aikata da dama suka mai da ɗakunansu wurin aiki. To, wace hanyar intanet ta fi dacewa da su, ta layin tarho ko ta iska?

Layin tarho yana da natsuwa, domin kowane gida da wayarsa, sai dai ƙarfinsa yakan ragu gwargwadon nisan gidan daga cibiyar tarho. Ita kuwa ta iska, hasumiya guda jama'ar unguwa ke rabawa. Idan kowa ya hau da maraice sai ta yi nauyi, murya ta riƙa yankewa ana tsakiyar lacca.

A Nijeriya tarihi ya riga ya yanke rabin hukuncin, domin bayan shigowar wayar salula a 2001 layukan NITEL sun durƙushe. Saboda haka wanda wayar faiba ta iso unguwarsu, ya riƙe ta. Wanda ba ta iso ba, ya jarraba layukan kamfanoni biyu a daidai lokacin aikinsa kafin ya zuba kuɗi, ya kuma ajiye ɗaya don ko-ta-kwana. Ga mai koyarwa daga gida, hanyar da ba ta yankewa ta fi mai gudun da ake talla.