ƘARAMAR MOTA MAI ARAHA: A DUBA ABIN DA AKA CIRE KAFIN A BIYA

Tun lokacin da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 ranar 1 ga watan Yuni, 1 ga wata na shekarar 2022, watau Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Ikko da Mainland, samarin Arewa da yawa waɗanda babur ne abincinsu suka shiga neman wata sana'a. Bayan shekara guda kuma, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta yi ta hawa har ta taɓa Naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. Saboda haka idon jama'a ya koma kan ƙananan motocin nan masu yankakken baya da ƙofa biyar, waɗanda ba su shan mai. Wadda aka fi gani a titunan Ikko ita ce Suzuki S-Presso, musamman a hannun direbobin Uber da suka karɓe ta bashi suna biya kaɗan-kaɗan.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi araha, balle a wannan zamani. Motar nan ƙirar Indiya ce, injinta silinda 3 ne, tankinta lita 27, kuma cikinta ya ɗaga daga ƙasa da milimita 180, abin da ya dace da ramuka da ruwan da kan kwanta a unguwanni da damina. Amma akwai wani sha'ani na cinikin sababbin motoci wanda ya kamata kowane mai niyyar saye ya gane shi sarai kafin ya miƙa guminsa ga dillali.

Sha'anin kuwa shi ne, kamfani ba mota iri ɗaya yake kerawa da suna ɗaya ba. Yakan kasa ta hawa-hawa, ya cire kaya daga ta ƙasa domin kuɗinta ya yi sauƙi, sa'an nan ya buga wannan ƙaramin farashi a talla da manyan baƙaƙe. Alal misali, da aka fito da S-Presso a Indiya a watan Satumba na 2019, an kasa ta hawa huɗu. Ta ƙasa, mai suna Std, an sa mata rufi 369,000, amma ba ta da na'urar sanyaya ciki, sitiyarinta kuma sai da ƙarfin damtse. Ta biyu, LXi, ita ce aka sa wa waɗannan biyun. Ta uku, VXi, aka ƙara mata rediyo da gilasan gaba masu sauka da maɓalli, ta huɗu kuma aka sa mata allo irin na wayar hannu. Kafin mutum ya kai ta ƙoli, kuɗin ya kusa rufi 500,000. Hoton da ke cikin talla kuwa galibi na ta ƙoli ne, farashin kuma na ta ƙasa.

In da a rediyo da allo abin ya tsaya, da babu abin cewa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Direban da ya yi shekaru yana shan rana a kan babur ba zai koka don ya murɗa gilashi da hannu ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, wani lokaci har kayan tsare rai ake cirewa, su kuwa ba a ganinsu da ido a wurin ciniki.

Ga hujja. Akwai wata ƙungiya mai suna Global NCAP wadda aikinta shi ne ta sayi mota a kasuwa, ta zaunar da mutum-mutumi a ciki, ta maka ta da shinge a gudun kilomita 64 a sa'a, sa'an nan ta ba ta taurari daga sifiri zuwa 5 gwargwadon yadda ta kare na ciki. A watan Nuwamba na 2020 ta gwada S-Presso da ake sayarwa a Indiya, mai jakar iska ɗaya tak a sitiyari, sai ta tashi ba tauraro ko ɗaya wajen kare manya. A 2022 ta gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu, mai jakar iska biyu da bel ɗin kujera mai ɗamewa da kansa idan an yi karo, ita kuwa ta sami taurari 3. Suna ɗaya, siffa ɗaya, ƙasar ƙira ɗaya, amma wanda ke zaune a gaba rabonsa ya bambanta. Bugu da ƙari, a gwajin duka biyu an ce gangar jikin motar ba ta tsaya da ƙarfi ba, watau ko mai taurari 3 ɗin ba motar yin tsere da tirela ba ce.

Kada kuma wani ya ce ai araha ba ta ado, dole sai an cire waɗannan kaya kafin farashi ya sauko. A 2013 kamfanin Dacia ya kai motarsa Sandero Ingila a kan fam 5,995, kuma babu sabuwar motar da ta fi ta araha a ƙasar a lokacin. Ta ƙasan ba rediyo, ba na'urar sanyi, launi ma fari kaɗai ake samu. Amma duk da wannan tsiraici tana da jakar iska 4, da birki na ABS wanda ke hana taya kafewa motar ta zame idan an taka da ƙarfi. Dalili shi ne a can doka da masu saye sun tsaya a kan haka, sai kamfani ya nemi ragi a wani wuri. Indiya ma da ta farga, ta wajabta birki na ABS a 2019, ta kuma wajabta jakar iska biyu a gaba ga dukan sababbin motoci daga Janairun 2022. Ashe ke nan abin da ake cirewa ya danganta ne da abin da ƙasa ta yarda a cire mata.

Wannan magana ta fi shafar ɗan Arewa mazaunin Kurmi fiye da kowa. Ɗan gari yakan yi zirga-zirgarsa tsakanin gida da ofis cikin cunkoso, inda mota ba ta samun gudu. Shi kuwa mutumin Agege ko Idi Araba ko Mile 12 ko Sabon Badun, da Salla ta ƙarato sai ya ɗora uwargida da yara da kaya, ya kama hanyar Badun da Ilori da Jebba da Mokwa, kimanin kilomita 1,000 kafin Kano, yana gogayya da tankoki da tireloli dare da rana. A irin wannan hanya allo mai hoto ba ya ceton kowa.

Saboda haka mai karatu da ke shirin saye, kada ya ji kunyar tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ya tambayi dillali wane hawa ne wannan farashi, kuma a rubuta sunan hawan a rasit. Ya ƙirga jakar iska da kansa, domin akan buga alamarta a sitiyari da gaban kujerar fasinja. Ya murɗa makulli ya ga ko fitilar ABS ta kama ta mutu. Ya je da bakaniken da ya amince da shi, ya kuma leƙa kasuwar Ladipo ya ji kuɗin fitila da gilashi da kuloci, domin motar da kayan gyaranta sai an jira jirgin ruwa ba mai araha ba ce. In bashi ne, ya lissafa balas ɗin mako-mako tun daga farko har ƙarshe, da inshora da lamba, ya ga jimla da idonsa. In kuwa kuɗinsa hawa ɗaya kawai zai iya ƙarawa, to ya ƙara wanda ke da birki da jakar iska, ya bar ado sai Allah Ya hore.

Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na unguwanni su ma suna da aiki, domin idan mutum 20 suka je saye tare, dillali zai saurare su fiye da yadda zai saurari mutum ɗaya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya kuma ya kamata su tsaya tsayin daka, kada a shigo Nijeriya da sabuwar motar da ƙasar da ta ƙera ta ma ta daina yarda a sayar wa 'ya'yanta. Talaka ya yarda a rage masa rediyo da fenti, amma bai ce a rage masa kwana ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.