Dattawan Kubwa ba za su koma gida ba

Wanda ya san Kubwa daga bakin babban titi kawai zai yi mamaki in aka ce masa akwai layin da ake jin kukan kurciya da hantsi a cikinta. Abin da ya sani shi ne cunkoson safiya, da 'yan acaɓa, da kwandastoci masu kiran Wuse da Berger. Amma in ka kutsa ciki, ka shiga tsofaffin rukunan gidajen da gwamnatin tarayya ta gina wa ma'aikata, wata Kubwa ce dabam. A nan nake haya, a boskwatan wani dattijo ɗan Katsina. Mangwaro da darbejiyar da aka dasa tun gidajen suna sababbi sun yi wa layin rumfa. Kafin bakwai na safe mu masu zuwa aiki mun watse, sai a bar unguwa da masu ita, su kuwa yawancinsu sun ba sittin baya.

Yadda unguwa guda ta tsufa a tare yana da tarihi. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja, ma'aikatu suka biyo shi rukuni-rukuni. Manya suka sami Maitama da Asokoro, na tsakiya Garki da Wuse, sauran aka turo su Kubwa da Karu da Nyanya, su kwana can su shigo gari da safe. A wancan zamanin gidan gwamnati aro ne. Ka yi ritaya ko an yi maka canjin wurin aiki, ka miƙa makulli, wani matashi ya shigo da amaryarsa. Wannan juyin ne ya sa unguwar ba ta rasa jarirai. Sai gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota a 2003, daga 2005 kuma, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen, aka fara da mazauna ciki. Duk wanda Allah ya ba ikon saye ya zauna daram. Dokar aiki kuwa ba ta canza ba: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Wanda aka ɗauka a 1988, komai ƙuruciyarsa, 2023 ta fitar da shi. Shi ya sa layinmu kusan gaba ɗaya ya ajiye aiki a 'yan shekarun da ba su da nisa da juna.

Ni dai ba na kukan shirun nan, kuma ba zan yi munafuncin cewa ina kewar hayaniya ba. Babu gidan kallon ƙwallo a bayan tagata, babu mai kunna kiɗa har asuba. Baƙon fuska ba ya wuce gida uku ba a tambaye shi wa yake nema ba, domin akwai idanun da ba su da ofishin zuwa. A farkon 2024, da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, dattawan nan ne suka tsara kuɗin masu gadi da lokacin rufe ƙofar layi, ba su jira kowa ba. Illarsu ɗaya taron unguwa. In ka tara tsofaffin daraktoci goma a ƙarƙashin bishiya, sai an karanta bayanin taron baya, an gyara shi, an sami mai gabatarwa da mai goyon baya, kafin a zo ga maganar kwata da ta toshe.

Abin da ke damuna wata magana ce da kusan kowane gida ake maimaita ta: in sha Allahu baɗi za mu koma gida. An fi shekara goma ana faɗinta a wasu gidajen. Da yawa sun yi gini a Funtuwa ko Azare ko Kwantagora, an yi fenti, an sa labule, ɗan'uwa yana kwana a ɗaki ɗaya don kada gara ta ci. Ba su koma ba, kuma a ganina ba za su koma ba. Mai hawan jini da ciwon suga ba ya son nisa da likitan da ya san fayil ɗinsa. Hanya ta zama abin da ta zama. Ko jirgin ƙasan Kaduna da ke tsayawa a tashar Kubwa, wanda aka ɗauka mafita ne, harin 28 ga Maris 2022 ya sanyaya wa mutane gwiwa. Sa'o'in da za a koma a yi hira da su a gida, rabi sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'ya a nan aka haife su, a nan suke neman abinci. Ga kuma Hajiya matar gidan, wadda ba a cika tambayarta ba: Islamiyyarta tana nan, adashinta yana nan, ƙawayen da suka yi goyo tare suna nan, ba ta ga dalilin da za ta koma ta zama baƙuwa a cikin dangin miji tana da jikoki ba.

Na taɓa ce wa mai gidana, "Baba, gidan Katsina fa?" Ya ce, "Yana nan, ɗana. Sai dai in an je Sallah." Sallar ma yanzu yara ne ke zuwa masa nan.

To ga inda gizo ke saƙa. An zana unguwar nan don mutumin da zai fita da duku-duku ya dawo bayan magariba, ba a zana ta don wanda zai wuni a ciki ba. Gidajen ba su da zaure, ba su da dakali. Falo ne da ɗakuna, daga baya tsoro ya sa aka ƙara doguwar katanga da waya a kai. Tsoho a cikin birnin Kano ko Zariya, in ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida, kafin azahar ya amsa gaisuwar mutanen da ba zai iya ƙirgawa ba, ya raba faɗan yara, an kawo masa ƙarar maƙwabci, an nemi shawararsa kan aure. Tsohon Kubwa yana da rediyo da talabijin da waya. Majalisarsa ɗaya masallaci, shi ya sa za ka ga an idar da la'asar amma babu mai gaggawar ɗaukar takalmi. Wanda gidansa ke saman bene, gwiwa kuma ta fara gardama, ko masallacin ma sai ya zaɓi sallar da zai sauko. Tsofaffi mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu, su ne ba a ganinsu sam. Akwai gidan da in ba 'yar aiki ta fito zubar da shara ba, ba za ka san da mutum a ciki ba.

'Ya'yan ba marasa zumunci ba ne. Kuɗin gida a kusa da iyaye ya fi ƙarfinsu, sai suka bazu Lugbe da Kuje da Mararraba, wasu Ingila da Kanada. Da can zuwa gaida iyaye kowane ƙarshen mako ba abin lissafi ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ziyara ta koma kiran bidiyo.

Za a ce mini waɗannan ai masu gata ne, sun mallaki gida a Abuja, alhali miliyoyin tsofaffi ba su da ko fansho. Haka ne, kuma ban zo roƙa musu sadaka ba. Abubuwan da unguwar ke buƙata ƙanana ne: a rufe kwatocin da ke buɗe a gefen hanya don mai sanda ya iya tafiya, a sa bencuna a inuwa, ƙaramin asibitin unguwa ya ware ranar awon jini da suga, kwamitin masallaci da na coci su san gidajen da tsoho yake kwana shi kaɗai. Babu ɗaya a ciki da ya kai kuɗin kwalta kilomita guda.

Sauran aikin kuwa na dattawan ne da kansu, kuma Allah ya huci zuciyarsu. Da yawa in za su ba da hayar ɗakunan baya, sharaɗin farko shi ne ban da mai yara. Suna son gwauro ma'aikacin banki da zai fita da asuba ya dawo da dare. Sun tsare shirunsu, amma sun kori wanda zai ɗauko musu magani, da wadda za ta leƙo ta ce, "Mama, yau ban ji motsinki ba." Su kuma tuna shirun nan iyakarsa ransu. Mai gida ya rasu ya bar magada goma da gida ɗaya, dole a sayar a raba. Mai saye kuwa ba kurciya ya zo saurare ba: makarantar kuɗi zai buɗe, ko masauki, ko ya yanka gidan ɗaki-ɗaki. An riga an fara gani a layukan da ke kusa da titi. Iyalan da suka yi shekaru a unguwa suna haya, suka san darajarta, su ne kaɗai za su iya tsaya mata in ranar ta zo.

Sai katin zaɓe. Cikin maƙwabtana akwai waɗanda har yau rumfarsu tana garin da ba sa kwana goma a shekara. Abuja ba ta da gwamna, amma tana da ƙananan hukumomi shida, Kubwa tana ƙarƙashin Bwari, kuma zaɓen shugabanninsu dabam ake yin sa da na ƙasa, mutane ƙalilan ke fitowa. Kansila ba ya gyara kwatar wanda ƙuri'arsa take Funtuwa. Hukumar zaɓe tana karɓar buƙatar sauya rumfa duk lokacin da ta buɗe rajista, kuma dattawan da suka shafe shekara talatin da biyar suna cika fom ba za su ce wannan ya gagare su ba.