Wai Ina Fim Ɗin Yaƙin Bama?

Zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Fiye da shekara 30 ke nan 'yan fim ɗinmu suna zuba mana kaya, daga zamanin kaset zuwa sidi, yau ga shi an koma masu dogon zango a YouTube. An yi kishiya an sake, an yi ɗan mai kuɗi da 'yar talaka har mun haddace. Amma ban ga furodusan da ya ɗaga kyamara ya nufi Yaƙin Duniya na Biyu ba, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama (ba Bama ta Borno ba fa, Bama ta gabashin Indiya, wadda yau ake kira Myanmar).

Na san amsar: wai yaƙin Turawa ne, ina ruwan Bahaushe? To, mai karatu, zo mu duba tare.

An fara yaƙin a 1939, aka gama a 1945. In ka tambayi masana inda ya juya, za su ce maka Istalingirad, inda Rasha ta karya rundunar Jamus a farkon 1943. Za su ce Al-Alamain a hamadar Masar, ƙarshen 1942. Za su ce Nomandi, 6 ga Yuni 1944. Duk gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta ina jiragen Ingila suka riƙa isa Masar lokacin da tekun Bahar Rum ya zama tarko. Tun 1940 ake kawo su a akwati ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, su tashi su sauka a Kano, su wuce Maiduguri, su bi ta Sudan har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Wato filin jirgin da alhazanmu ke tashi yana da hannu a yaƙin hamadar Masar. Wannan kaɗai bai isa labari ba?

Sai sojojin kansu. A Fabrairun 1941 birged ɗin Nijeriya ne ya shiga Mogadishu, ya fatattaki Italiyawa har Harar a Habasha cikin wata guda, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa a watan Mayu. Da Japan ta mamaye Bama, sai Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma a 1943, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Samarin da suka tashi a sarari, cikin gero da dawa, aka jefa su dajin Kaladan da Arakan, inda ruwa ke zuba wata da watanni, ga zazzaɓi, ga matsattsaku, ga maharban Japan a kan itace. Da yawansu ko bindiga ba a ba su ba, 'yan dako ne, kayan yaƙi a ka, abinci kuwa sai an jefo daga jirgi. Wani birged na Nijeriya ya yi aiki a bayan layin maƙiya cikin rundunar Chindit ta Janar Wingate a 1944. A Janairun 1945 suka ci garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je can ya gano su. Hausa ce kuwa yaren bariki, har wanda ba Bahaushe ba da ita yake hira da waƙar maci.

Kai da ke wucewa ta barikin Chindit a Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ka taɓa tambayar daga ina sunayen suka fito? Daga Bama ne. Sunayen suna kan allo, labarin ba ya kan allonmu.

Yanzu ga uzurin da ya fi ba ni haushi: wai fim ɗin yaƙi kuɗi yake ci, ba mu da tankoki, ba mu da jirage. Wa ya ce sai an nuna harbe-harbe? Ni a ganina zaƙin labarin yana nan gida, kafin tafiya da bayan dawowa. Ɗauki ƙauye irin namu na Zoza a 1942. Japan ta ƙwace Malaya da kuzarta, Turawa suka juyo kan kuzar Jos, aka shiga ɗiban gwamna, ana kwasar mutane na tilas ta hannun hakimai da dagatai. Ga matsin a noma gyaɗa, ga tsadar gishiri da yadi da kananzir. Mai unguwa an ce ya kawo mutane, ɗan wa zai miƙa, ɗan wa zai ɓoye? Sannan ga wanda ya dawo a 1946 da kaki da lambar yabo da 'yan kuɗin sallama da ba su kai na Bature ba. Ya ga Indiya tana neman 'yanci, ya ga Bature yana kuka yana mutuwa kamar kowa. Yanzu a ce ya cire takalmi ya faɗi gaban dagaci. Wataƙila ma matar da ya bari an ɗauka ya mutu, ta yi takaba ta sake aure. Ga soyayyar da kuke so, ga kishi, ga shari'a gaban alkali. Gidan ƙasa, jaki, tsohon kaki da 'yan wasa biyar sun ishe ka. In kuma lallai sai an nuna daji da ruwa, a zo Rogo a tsakiyar damina, a je bakin dam ɗin Challawa a Karaye. Kuɗin da ake kashewa a kan motocin haya da lesuka a fim ɗaya ya isa.

Wasu sun yi nasu, kuma ya yi aiki. Ousmane Sembène na Senegal ya fitar da Camp de Thiaroye a 1988, kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe ranar 1 ga Disamba 1944 don kawai sun nemi haƙƙinsu. Kusan duk fim ɗin a sansani ɗaya aka yi shi. Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito a 2006, ya sa gwamnatin Chirac ta ɗaga fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da Faransa ta raina. Fim fa, ba zanga-zanga ba!

Marubutanmu ma ba su tsira ba. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ɗan tsohon sojan Bama, ya rubuta Burma Boy a 2007. Jaruminsa yaro ne mai jin Hausa, Ali Banana, amma da Turanci aka rubuta littafin. Labarin Isaac Fadoyebo, wanda wani Musulmin ƙauyen Arakan ya ɓoye wata tara bayan an harbe shi a 1944, sai da Baturen Ingila, Barnaby Phillips, ya zo ya yi shi a Aljazeera a 2011. Mu muna ina? Muna fulawa ana rawa.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne lokaci. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 yau ya haura 100. Saura 'ya'ya da jikoki, da lambobin da ke ƙasan adaka, da tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita tun 1939. Marubucin da zai yi wannan aiki sai ya ɗauki rakoda ya bi Karaye, Rogo, Gwarzo da Kiru gida-gida yana tambayar wa kakansa ya je Bama, kafin ya rubuta layi ɗaya. Kuma don Allah, darakta, in an zo ɗauka, kada a sa sojan ya ɓarke da waƙa a tsakiyar dajin Kaladan.