Ra'ayi: Wa zai binciki asusun ƙaramar hukuma a Arewa?

A ranar 4 ga watan Afrilun 2024, majalisar mulkin soja ta CNSP ta rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a faɗin Nijar, ta maye gurbin magadan gari da kantomomin da aka naɗa daga Yamai. Tun daga ranar, mutumin Lugu da ke ƙaramar hukumar Dan Kasari ba shi da wakilin da ya zaɓa da hannunsa, haka ma sauran ƙananan hukumomi biyar na gundumar Dogon Dutsi da huɗu na gundumar Tibiri.

Matasa da dama ba su san abin da aka rasa ba, don haka yana da kyau a tuna yadda tsarin yake. Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasa a 2004, ta sake a 2011, na ƙarshe kuma a ranar 13 ga Disamban 2020. A ranar zaɓe, mutum na jefa ƙuri'a biyu: ɗaya ta kansilolin ƙaramar hukumarsa, ɗaya ta majalisar jihar Doso. Jerin sunayen 'yan takara ake zaɓa, sai a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Kansilolin ne ke zama su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Sarakunan gargajiya na da kujera da damar magana a majalisar, amma ba sa jefa ƙuri'a. Gwamna da shugaban gunduma kuwa naɗa su ake yi, aikinsu sa ido kan bin doka. Dokar 2019 ta tanadi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe ga mata.

Wannan majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ta san nawa aka tara na haraji da kuɗin kasuwa, ta yanke ƙauyen da za a gina wa rijiya ko aji. A ma'aikatar magajin gari ake karɓar takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba ya zana jarrabawa, ɗan ci-rani ba ya samun katin ɗan ƙasa.

Tsohon tsarin na da aibinsa. Zaɓen da ya kamata a yi a 2016 sai da aka yi ta ɗage shi har 2020. An sha zargin sayen kansiloli a ranar zaɓen magajin gari, an kuma tsige wasu magadan gari bisa zargin almundahana. Sai dai gyaran ganga ake yi in ta ɓaci, ba a fasa ta. Kansila, komai rauninsa, ɗan gari ne. Ana tare shi a kasuwa ko wajen suna a tambaye shi. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake ba wa bahasi.

Maƙwabciya Najeriya, mai ƙananan hukumomi 774, ta ba da darasi biyu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙolinta ta haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Amma da yake hukumomin zaɓen jihohi ne ke shirya zaɓen, jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun, kamar yadda NNPP ta lashe dukkan 44 na Kano a Oktoban 2024. A Nijar hukumar ƙasa, CENI, ce ta shirya na 2020, kuma wannan abin riƙewa ne.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar, an kuma rusa jam'iyyu. Hakan bai hana a fara daga ƙasa ba. Ya dace hukumomi su fitar da jadawalin zaɓen ƙananan hukumomi, ko da 'yan takara masu zaman kansu ne za su tsaya. Kafin nan, a wajabta wa kowane kantoma liƙa kasafin kuɗinsa a ƙofar ma'aikata, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara. Arawan da ke Legas, Kwatano da Abijan, masu aiko da kuɗin gyaran famfo da rufin makaranta, su ma suna da haƙƙin sanin inda harajin iyayensu ke tafiya.