Yayata Da Tsoron Motsi

Yau ba zancen soyayya na zo da shi ba, kodayake in kun bi ni a sannu za ku tsince ta a ciki.

Bara da damina Yayata da ke aure a nan cikin garin Daura ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, sai ji ta yi bayanta ya riƙe. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce babu karaya, ya ba ta magani, ya ce ta riƙa ɗan takawa. Ina! Tun daga ranar Yaya ta hau gado. Salla a zaune, girki sai ƙanwar miji, goyo kuwa ba a magana. Aka yi ƙaho, aka shafa man zafi, Goggo ta ce sammu ne. Wata huɗu ana abu ɗaya, har dangin miji suka fara ƙus-ƙus ɗin a yi mata abokiyar zama.

Ran nan na ce, "Yaya, wai har yanzu ciwon yana nan kamar ranar farko?" Ta yi jim, sannan ta ce, "Wallahi ya ragu, tsoro nake ji in motsa wani abu ya ɓalle."

Ashe wannan tsoron likitoci sun daɗe da saninsa. A 1990 wasu masana a Amurka suka raɗa masa suna, wato tsoron motsi saboda ciwo. A 1995 Johan Vlaeyen da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka bayyana yadda yake ɗaure mutum: ciwo ya zo, ki ɗauka jikinki ne ke lalacewa, ki daina motsi, jiki ya yi rauni ya sandare, ranar da kika motsa ki ji zafi, sai ki ce ai dama na faɗa. A shekarar dai, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka raba ma'aikata 186 masu sabon ciwon baya gida uku. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko su suka riga warkewa, suka bar waɗanda aka kwantar kwana 2 a baya.

Kada ku ce zancen Turawa ne kawai. A 2019 masana na Jami'ar Bayero ta Kano suka mayar da tambayoyin auna wannan tsoro zuwa Hausa. A 2023 kuma suka fitar da binciken da suka yi da mutum 120 a Tsakuwa ta Dawakin Kudu, inda aka ga haɗa bayani mai kwantar da hankali da motsa jiki ya fi amfani a kan bayani kaɗai.

Muka koma asibiti wajen likitar gashi. Ta fara da Yaya daga gado zuwa bakin ƙofa, sai zagaya tsakar gida, sai ruku'u, sai rabin bokiti. Ta ce ɗan zafin da za ta ji ba ya nufin wani abu ya ɓaci. Maigidanta, Allah ya saka masa, kullum bayan Isha'i shi ke riƙe hannunta suna takawa. Yanzu Yaya ta koma madafinta, zancen kishiya ya bi ruwa.

Amma fa ku ji da kyau. In ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, ko fitsari ya riƙa zuba ba da saninki ba, ko zazzaɓi, ko kuwa mummunar faɗuwa aka yi, to maza asibiti, kada a tsaya gwaji. In likita ya duba ya ce ki taka, 'yar uwa daure ki taka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.