Tagar Kanti Da Mai Tafiya A Ƙasa

Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, sai manyan kantunan birnin New York su yaye labulen da suka rufe tagoginsu da shi. Tagogin nan ba irin na ɗaki ba ne. Ko wace ɗaya ɗaki ce guda mai bangon gilashi, tana fuskantar titi, an ƙawata cikinta domin bikin Kirsimati: 'yan tsana masu motsi da ƙarfin lantarki, jirgin ƙasa ɗan ƙarami yana kewaya dutse, dusar ƙanƙara ta ƙarya tana zuba. Mutane kuwa sukan yi jerin gwano a kan titin Fifth Avenue, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, iyaye sun saɓa 'ya'yansu a kafaɗa, don kallo kawai. Galibinsu ba za su shiga kantin ba, domin jaka ɗaya a Bergdorf Goodman tana iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata da watanni.

To, me ya sa attajiri zai kashe dukiya mai yawa domin ya faranta wa wanda ba zai sayi ko allura ba?

Al'adar dai ta daɗe. Masu tarihin ciniki sun fi danganta farkonta da kantin Macy's, wanda ya jera 'yan tsana a tagarsa a shekarar 1874, zamanin da aka sami hanyar yin gilashi mai faɗi da araha. Daga nan abin ya haye teku. Wani Ba'amurke mai suna Harry Gordon Selfridge, wanda ya koyi ciniki a kantin Marshall Field na Chicago, ya buɗe nasa a titin Oxford na birnin Landan a 1909. Shi ne ya riƙa barin fitilun tagoginsa a kunne bayan an tashi aiki, ya zamana kanti yana rufe amma yana tallar kansa. A Faris ma, har yanzu Galeries Lafayette da Printemps, maƙwabtan juna a titin Haussmann, suna gasa ko wace shekara, har sukan kafa 'yan dakali a gindin taga domin ƙananan yara su hau su gani sosai.

Amma wanda ya fi fahimtar sirrin abin shi ne kantin Lord & Taylor. Ginin da ya tare a cikinsa a 1914 an yi shi da dabara: daɓen ko wace taga yana kan injin da ke saukar da shi ƙarƙashin ƙasa, ma'aikata su shirya kayan a ɓoye, sa'an nan a ɗago shi da dare. Gari na wayewa sai mai wucewa ya tarar da sabuwar duniya inda jiya babu kome. A ƙarshen shekarun 1930 kuwa sai masu kantin suka yi abin da ya ba 'yan kasuwa mamaki. Suka kwashe kayan sayarwa kakaf daga tagogin, suka rataya manyan ƙararrawa masu ruwan zinariya suna lilo, amonsu yana fita titi. Babu riga, babu takalmi, babu farashi.

A nan amsar tambayar take. Taga mai farashi tana kiran mai kuɗi ne kaɗai, matalauci ya duba ya kau da kai. Wadda babu farashi kuwa kowa nata ne. Yaron da aka ɗaga a kafaɗa yau, shi ne magidancin shekara ashirin masu zuwa, kuma sunan kantin ya riga ya zauna masa a zuci tare da ɗumin hannun mahaifinsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ɗan kasuwar da ya iya jiran shekara ashirin lalle ya san sana'arsa. Ba kyauta ba ce tsantsa, amma kuma zalunci ne a ce yaudara ce tsantsa, gama wanda ya kalla ya koma gida bai yi asarar kwabo ba.

Dattawan Ikko ba baƙin wannan dabara ba ne. Kantin Kingsway, wanda kamfanin UAC ya buɗe a 1948, ya yi suna da ƙawata kansa a watan Disamba da kuma kawo Baban Kirsimati, yara suna layi su gaishe shi su karɓi ɗan tsaraba. Kantin ya daɗe da mutuwa, amma waɗanda aka kai suna ƙanana har gobe suna ba da labarinsa.

Abin da ke faruwa yanzu shi ne tagogin suna raguwa. Ciniki ya koma intanet, mutum yana kwance a ɗakinsa ya zaɓi kaya a waya a kawo masa har ƙofa. Mai kuɗi bai rasa kome ba, hasali ma an hutar da shi. Wanda ya yi rashi shi ne mai tafiya a ƙasa, domin allon waya ba ya nuna wa mutum abin da zai tsaya ya kalla tare da jama'a, sai abin da ake tsammanin zai saya. Kantin Barneys, wanda tagoginsa suka shahara da barkwanci da shaguɓe ga manyan mutane, ya karye a 2019. Lord & Taylor kuma ya rufe ƙofarsa ta Fifth Avenue a watan Janairu na shekarar 2019, bayan ya yi fiye da shekara ɗari a wurin. A 2020 aka sayar da ginin a kan kimanin dala miliyan dubu ɗaya. Wanda ya saya shi ne kamfanin Amazon, sarkin cinikin intanet, ya mai da shi ofisoshin ma'aikatansa.