Makarantun kasuwanci masu zaman kansu: izinin buɗe ƙofa daban, darajar difloma daban

Da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar BAC, sai tallace-tallacen manyan makarantu masu zaman kansu su cika gidajen rediyo da allunan bakin titi a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Galibinsu fannonin kasuwanci suke tallatawa: lissafin kuɗi, banki, inshora, dabarun saye da sayarwa da tafiyar da ma'aikata. Ba abin mamaki ba ne, domin buɗe irin wannan sashe ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ko injina masu tsada kamar sashen likitanci ko na injiniya.

Kusan kowace talla tana cewa gwamnati ta amince da makarantar. Tambayar da ya kamata uwaye su yi ita ce: da me aka amince? Izinin da ma'aikatar ilimi mai zurfi ke bayarwa na kafa makaranta abu ɗaya ne. Tantance kowane fanni, a duba darussansa, matakin karatun malamansa da yadda ake jarraba ɗalibai, wani abu ne daban. Makaranta tana iya mallakar na farko ba tare da na biyu ba.

Ma'aunai kuwa akwai su. Tun 2007 ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta da su bi tsarin LMD, inda lisans ke ɗaukar shekara 3 da kiredi 180, masta kuma ƙarin shekara 2 da kiredi 120. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, tana tantance difloma ɗaya bayan ɗaya idan makaranta ta shigar da buƙata. Tambarinta a jikin allo ba ya nufin ta amince da dukan fannonin gidan. A cikin gida kuma akwai hukumar ANAQ-Sup, wadda aikinta shi ne auna ingancin ilimi mai zurfi.

A matakin BTS ta ƙasa, ɗaliban makarantu daban-daban suna zama jarrabawa guda, don haka ana iya kwatanta su. A lisans da masta kuwa, makarantar da ta karɓi kuɗin ɗalibi ita ke koyar da shi, ta jarraba shi, ta kuma ba shi maki. A nan ne ake matuƙar buƙatar idon waje.

Misali, tun ranar 1 ga Janairu 2018 ƙasashen OHADA, har da Nijar, ke aiki da tsarin lissafin SYSCOHADA da aka sabunta. Ɗalibin da aka koya wa tsohon tsari, ko wanda bai taɓa koyon aiki a wani kamfani ba, zai fito da takarda amma ya kasa rufe lissafin shekara. Asarar ta uwaye ce da suka sayar da dabbobi ko amfanin gona, da kuma matashin da za a mayar wa takardunsa ranar gasar ɗaukar ma'aikata ko neman ci gaba da karatu a waje.

Rufe makarantun ba mafita ba ce, ganin jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'in jihohi na fama da cunkoso. Abin da ya fi dacewa shi ne, kafin kowace komawa makaranta, hukumomi su wallafa jerin fannonin da aka tantance, makaranta bayan makaranta, tare da ranar ƙarewar wa'adin tantancewar, a kuma karanta shi a rediyo cikin harsunan ƙasa. Sannan awon ya shafi jami'o'in gwamnati kamar yadda ya shafi na kuɗi.

Kafin nan, duk uban da zai biya kuɗin rajista ya nemi a nuna masa takardar da ke ɗauke da sunan ainihin fannin da ɗansa ko ƴarsa za su karanta.